Madubin Ɗaliba: Kayan hanya daban, kayan aji daban

  

Mako shida ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko aure aka yi mini ban gayyace su ba. Ku kwantar da hankalinku, ba a yi ba tukuna. Koyarwar gwaji ce ta ɗauke ni, wadda duk mai karatun malanta sai ya yi ta kafin a ba shi shaida. Ni da nake tsangayar ilimi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai na roƙi a bar ni in yi tawa a gida, Sabon Birnin Gobir, don in huta da kuɗin haya, in kuma ga kakata da na daɗe ban sa a ido ba.

Da na dawo na tarar da saƙonni sun taru. Guda uku suka fi tsaya mini a rai. Wata da za ta fara aikin sanin makamar aiki a wani ofis tana tambaya irin kayan da ya dace ta riƙa sawa, da yawan kwalliyar da ba za ta jawo mata magana ba. Wata daga Isa tana neman in gaya mata man da zai sa ta yi haske ba tare da ya ɓata mata fata ba. Ta uku kuwa, 'yar aji biyar a sakandare, ta ce son wani jarumin fim ya hana ta karatu, kullum hotonsa take kallo. Na karanta su na yi dariya, don duk ukun ni ce. Babu ramin da ban faɗa ba a cikinsu. Saboda haka yau ba wa'azi zan yi ba, labarin kaina zan ba ku, kowa ta tsinci abin da zai amfane ta.

Ranar tafiya

Na kwana gidan gwaggona a cikin garin Sakkwato don in yi sammakon tasha. Da asuba na yi wanka, na saka sabuwar abayata, na shafa hoda, na ja gira, na goga jan baki, na fesa turare. A raina malama ce za ta koma garinsu, dole a san an yi boko. Ina fitowa tsakar gida Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye butar hannunta.

“Ke ɗiyar ga, gidan biki za ki ko hanyar Sabon Birni?”

Na ce, “Gwaggo, ai 'yar kwalliya ce kawai.”

Ta ce, “Tahi ki wanke ta. In Allah Ya kai ki lahiya, ki yi wadda ta hi wannan.”

Ba ta bar ni na fita ba sai da na wanke fuska tas. Ta ɗauko wani tsohon hijabinta da ya koɗe ta ba ni, ta sa na cire 'yan kunne da agogo, na saka silifas. Katin shaidar makaranta kuwa a cikin ƙullin garin kunu ta tura shi. Abaya da takalmin aiki suka koma can ƙasan jaka.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce Gwaggo ta cika tsoro. Mu da muke bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ta Marnona zuwa Isa, mun san dalilinta. A watan Disamban 2021 'yan bindiga suka tare wata motar matafiya a ƙaramar hukumarmu suka cinna mata wuta da mutane a ciki. A 2024 suka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma a hannunsu ya rasu cikin watan Agusta. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. In basarake bai tsira ba, wace ce 'yar makaranta? Abin da kowa ke tsoro shi ne, in tsautsayi ya faɗa, da ido za a kimanta ki. Za a dubi tufafinki da wayarki da laushin hannunki, a yanka wa iyayenki kuɗin fansa daidai da abin da aka gani. Shi ya sa ma'aikaci ke ajiye shaddarsa ya saka tsohon yadi, malamar asibiti ta ɓoye fararen kayanta.

A cikin motar nan mu duka kamar an yi mana anko na talauci. Sai da muka sauka tasha na gane matar da ke kusa da ni, mai tsohon zane da buhun albasa, ma'aikaciyar lafiya ce. Ita ma sai a lokacin ta san ni 'yar jami'a ce. Muka kalli juna muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na kawo wannan ne don ku gane cewa a wajenmu maganar kwalliya ba ƙaramar magana ba ce. 'Yar Kano ko 'yar Kaduna tana tsayawa gaban madubi tana tunanin ko launin mayafi ya shiga da na takalmi. Mu kuma sai mun fara tunanin wane ne zai gan mu a hanya. Tun daga ranar na fara yi wa kaina wata tambaya duk lokacin da na ɗauki hoda: wannan kwalliyar, idon wa nake yi wa ita, kuma me za ta ci mini?

Kakata da zanenta

Ina isa gida, bayan an yi barka da hanya, na yi wanka na rama kwalliyar da aka hana ni. Na shiga ɗakin Kaka ina yanga. Ta kare ido da hannu ta ce, “Lale da kishiya. Mi kika shafa ma huskakki haka, kamar an tsoma ki cikin gari? Da wagga huska za ki ƙwace mini miji?”

Kakata Bagobira ce ta asali, da zanenta reras a kumatu, shida a gefe guda, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Duk inda ta shiga, daga nan har Tsibiri da Maraɗi a Nijar, ba ta buƙatar ta faɗi ko ita wace ce. In ta haɗu da Bayarabe a kasuwa kuwa, kafin ta buɗe baki an fara wasan taubasantaka. Mu jikokinta ba a yi mana ba, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana tsaga fuskar yaro. Ba na kewar aska, amma ina son in zauna ina kallon fuskar Kaka.

Na tambaye ta irin kwalliyar zamaninsu. Ta lissafa mini: kwalli a ido, lalle a hannu da ƙafa, kitson doka a shafe shi da shuni, sai fure da goro a rina haƙora su yi ja. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce yau in budurwa ta fito da jan haƙori ai gudu za a yi. Ta ce, “Yi dariyarki. Jikokinki ma za su yi ma girar nan taki dariya.” Na duba madubi na ga girar da na zana kamar an ɗora mini baka biyu a goshi, na yi shiru.

Gaskiyarta. Abin da ake kira kyau yayi ne, yana zuwa yana wucewa. Ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ya yi zamaninsa, yau wani ake yi, gobe a koma wani. To abin da zai wuce nan da shekara biyar, bai kamata mutum ya biya shi da abin da ba ya dawowa ba.

Malama a gaban allo

Bari in amsa wa mai tambayar kayan aiki da abin da na gani da idona. Ranar farko na tafi makaranta cikin abayar nan mai jan ƙasa, da takalmi mai tsini, da hoda hawa uku. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya zafin Gobir ya nuna mini iyakata. Duk wanda ya san ƙasar Sakkwato ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Hodar ta narke ta gangaro ta ɓata bakin hijabina. Takalmin yana nutsewa cikin yashi, ina tafiya kamar mai tsallake ƙaya. Garin alli ya mayar da baƙar abayar toka-toka. Da aka tashi na hau kabu-kabu, saura ƙiris gefen abayar ya shige cikin tayar baya, sai da wani dattijo ya daka wa mai babur tsawa.

Washegari wata babbar malama, wadda ta kusa shekara ashirin tana koyarwa, ta ja ni gefe. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Ƙanwata, kayan aiki su ne waɗanda in kin saka su za ki manta da su, ki tuna da aikin.” Na dube ta da kyau. Riga da zane na atamfa marar nauyi, hijabi mai tsafta iya gwiwa, takalmi shimfiɗaɗɗe, ɗan kwalli, man leɓe. Ke nan. Kuma in ta shiga aji ko tari ba ka ji.

Daga nan na sauya. Atamfa uku na ɗauka na riƙa juya su, da hijabi biyu masu launin da ke shiga da kowace. Na gano yadin auduga ya fi leda-ledan yadin nan shan iska. Na gano turare mai ƙarfi a cikin aji mai yara saba'in azaba ne ga mai asma. Na gano guga da tsafta sun fi tsadar kaya fitar da mutum. Babu ɗalibar da ta taɓa tambayata ko atamfata Holan ce ko ta Kantin Kwari mai sauƙin kuɗi.

Akwai kuma maganar aljihu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira dubu 70 ne, mu 'yan koyarwar gwaji kuwa ko sisi ba a ba mu. In kika ce za ki yi gasar leshi da matar da mijinta ke ɗinka mata duk wata, bashi za ki ci, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na kwalliya ya fi kowane ban haushi. Na san wadda kuɗin rajistarta ya tafi a ankon biki uku.

Game da hijabi a wurin aiki, kada wata ta ji kamar alfarma ake yi mata. A Disamban 2017 an hana Amasa Firdaus shiga bikin rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta tsaya a kan bakanta, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabin. A Yunin 2022 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ɗalibai Musulmi na da 'yancin saka hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Mu a nan arewa ba mu da wannan matsalar sosai, amma bautar ƙasa na iya jefa ki ko'ina, gara ki san haƙƙinki. Sai dai ki zaɓi wanda ya dace da aikin. Mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje kusa da wuta, ko mai hawa babur kullum, ba ta buƙatar mai share ƙasa.

“Malama, wane mai kike shafawa?”

A mako na uku wata yarinya 'yar aji biyu ta tsaya bayan an tashi. Iyayenta na cikin waɗanda suka baro ƙauyensu suka dawo cikin gari saboda hare-hare, wasu danginta ma suna can tsallaken iyaka a jihar Maraɗi. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, baƙa mai sheƙi, ga idanu tubarkalla. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, don Allah wane mai kike shafawa? Ina tara kuɗin awarar da nake sayarwa, ina son in yi haske.”

Gabana ya faɗi. Na ce wa ya ce mata ba ta da kyau? Ta ce babu wanda ya faɗa, amma ai duk matan da ake nunawa a fim farare ne, kuma yayarta ta ce farar mace ba ta kwantai.

Na zaunar da ita, na cire safar hannuna na nuna mata gaɓoɓin yatsuna. Har yau sun fi sauran hannun duhu. Sannan na ba ta labarin da zan ba ku yanzu, wanda ban taɓa faɗa a wannan fili ba saboda kunya.

Ina aji ɗaya a jami'a wata 'yar ɗakinmu ta kawo wani haɗin mai a cikin 'yar roba, babu suna, babu takarda, babu lambar hukuma. Ta ce na gyaran fata ne, ba bilicin ba ne, “yana fito da ainihin kalarki” ne kawai. Na cire kuɗin abincina na saya. Mako uku na fara haske, ƙawaye suna ta zuga ni. Na ƙara sayen roba ta biyu. A wata na uku kumatuna suka yi ja kamar an mare ni, wasu siraran jijiyoyi suka bayyana, in na shiga rana fuskar ta riƙa zafi kamar an watsa barkono. Gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu suka ƙi bin sauran jiki, na zama kala biyu. Da na tsorata na daina, sai ƙuraje suka feso, fuskar ta yi duhun da ya fi na da. Wata guda cur da takunkumi nake shiga lacca, ina cewa mura nake yi.

Likitar fata da na gani daga baya ce ta warware mini. Ta ce baƙin fatarmu wani sinadari ne da jiki ke yi, melanin, kuma shi ne laimar da ke kare mu daga zafin rana. Irin waɗannan haɗe-haɗen yawanci abu uku ake zubawa. Akwai haidurokwinon mai hana jiki yin wannan launi, wanda in an daɗe ana shafa shi yake barin baƙin tabo mai wuyar fita. Akwai sitiroyid, maganin da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, wanda in aka mayar da shi man shafawa yake sirantar da fata har ta riƙa tsagewa, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Akwai kuma makuri, mai ratsa fata ya shiga jini ya taɓa ƙoda, ya kuma iya cutar da jaririn da ke ciki. Ta ce na yi sa'a na zo da wuri.

Ba ni kaɗai ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitarwa sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sa hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. To 'yar uwata ta Isa, amsar tambayarki ke nan: ban san man da zai sauya miki launi ya bar miki lafiya ba. In kin riga kin fara kuma fata ta soma nuna alama, kada ki nemi wani haɗin don ya gyara na farko. Je ki asibiti.

Tunda muna kan maganar, bari in ƙara biyu. Baƙin lallen nan da ake haɗawa da dayis na rina gashi yana ƙona wasu, ya bar musu tabo daidai da zanen furen. Ki fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan, ko ki tsaya ga jan lallenmu na gargajiya. Sai kwalli. Na san matsayinsa a al'ada da addini, ni ma ina sawa. Matsalar ita ce wani kwallin dutsen da ake sayarwa a kasuwa dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu maƙwabtan Zamfara mun san abin da dalma ke yi, tun da a 2010 gubarta, daga wajen haƙar zinariya, ta kashe yara sama da 400 a can. Ku gaya wa iyayenmu a yi hattara da abin da ake zizara wa jarirai a ido.

Ni da Mahmud

Yanzu ga tambaya ta uku, wadda ita ce tushen ta biyu. Me ya kai ni sayen man nan? So ne, jama'a. Son maso wani, ƙoshin wahala.

A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Ina 'yar shekara sha shida. Masu layin Nijar su ne 'yan gata, ana bin su ana roƙon kira. Ba fita, ba hira, dare ya yi kowa ya kulle ƙofa yana sauraren ko za a ji harbi. Abin da ya rage mana shi ne fina-finan da masu turi ke zuba mana a waya in wani ya zo da su daga birni. A nan na haɗu da Labarina, shirin Aminu Saira, na kuma haɗu da Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa.

Kada ku tambaye ni yadda aka yi. Na dai san na rubuta sunansa a bayan littafin lissafina. In aka ɓata masa rai a fim, ranar ba na cin tuwo da daɗi. Abin nan da 'yan makaranta ke kira kurosh, to ni nawa ya kai intaha. Kuma tunda Sumayya yake so, sai na ƙudura a raina cewa irin Sumayya ake so. In tsaya gaban madubi in gwada ɗaurinta, in gwada maganarta, in ga fuskata ba ta yi hasken da nake gani a waya ba, raina ya ɓaci. Ban san akwai fitilu da ake haska 'yan wasa da su ba, ban san akwai mai kwalliya da ke bin su da hoda ba, ban san ana gyara launin hoto a kwamfuta kafin ya iso gare mu ba. Da fuskar da na tashi barci da ita nake gasa da aikin mutum goma.

Abin da ya farkar da ni abin dariya ne. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, sai Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya. Suna ɗaya, labari ɗaya, fuska daban. Na zauna na yi tunani: ashe Sumayya riga ce, wadda aka ba ita ke sawa. To Mahmud fa? Shi ma haka. Kalaman da suka hana ni barci wani ne ya zauna ya rubuta su, aka yi ta maimaita ɗauka har suka yi daɗi. Mutumin da ya faɗe su ma'aikaci ne da ya iya aikinsa, yana da rayuwarsa, bai san da wata a Sabon Birni ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Da na ba Kaka wannan labari ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su ma sun yi nasu. A zamaninsu Narambaɗa ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. In aka ce yau zai yi wasa, ko aka jiyo kotsonsa, 'yan mata sai su saki taɓarya su tsaya saurare. Ta ce, “Amma in an gama sai mu koma ga dakanmu. Ban ga wadda ta sai da akuyarta don Narambaɗa ba.” Ƙanena ma da ke yi mini dariya, in lokacin kokawar takobi ta Nijar ya zo ba ya da magana sai ta Isaka Isaka na Doso. Kowa da gwaninsa.

Saboda haka ƙanwata 'yar aji biyar, ba ki yi wani abin kunya ba, kuma ba ki haukace ba. Zuciyar mai shekarunki tana neman wanda za ta yaba, musamman in rayuwa ta yi ƙunci. Sai dai ki sa masa iyaka kamar yadda Kaka ta ce. Ki duba abu uku. In ya fara cin lokacin karatunki, cire hoton daga fuskar waya, ki ajiye kallo sai ƙarshen mako. In ya fara cin kuɗinki, tsaya cak. Shafukan bogi masu sunan jarumai sun cika Facebook da TikTok, wata ƙawata ta sha tura katin waya ga wani da ya ce shi jarumi ne, wai zai saka ta a fim. Jarumin gaske ba zai roƙi 'yar sakandare kati ba, ba zai nemi hotonki a ɓoye ba. In kuma ya fara sa ki raina fuskarki, to wannan ya fi sauran haɗari, don daga nan ne ake zarcewa wajen mai haɗin roba.

Ranar sallama

Ranar da zan gama, 'yan ajina suka haɗa mini 'yar walima da alewa da zoɓo. Yarinyar nan mai awara ta zo ta raɗa mini cewa kuɗin da ta tara ta sayi littafin Turanci da sabon hijabin makaranta. Ban san ko za ta dawwama a kan haka ba, don yayarta na nan, waya na nan, masu haɗi na nan. Ni dai na roƙi babbar malamar nan ta riƙa sa mata ido.

Washegari na ninke atamfofina na tura ƙasan jaka, na mayar da katin makaranta cikin ƙullin gari, na saka koɗaɗɗen hijabin Gwaggo. Kaka ta rako ni bakin ƙofa tana addu'a, ta ce in na isa in yi mata kwalliya in aiko hoto ta ga ko na fara hankali. Allah Ya kawo mu lafiya. Na aika mata, da 'yar hoda da kwalli da man leɓe. Aka ce ta duba ta ce yanzu ne kishiya ta zama abin tsoro.

Ina son kwalliya, kuma ba zan daina ba. A garin da tsoro ya hana mutane saka kayansu masu kyau, ranar da mace ta samu ta yi ado ta fita, wani ɗan 'yanci ne ta ƙwato. Addu'ata ita ce Allah Ya kawo ranar da 'yar Gobir za ta shiga mota a Sakkwato da abayarta da katinta a hannu, ta sauka Isa ko Sabon Birni ba tare da ta ɓoye ko ita wace ce ba. Kafin nan, mu kula da fatar da Allah Ya ba mu, don ita ba a canza ta a tasha.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, na samari ne. Ku da kuke cin bashin shadda da hula saboda hoton Sallah, da masu askin da ke sa iyaye salati, ku shirya. 'Yan mata kuma ku aiko mini da amsa: wane ne gwaninku na farko, kuma wace wauta kuka yi saboda shi? Ba zan faɗi suna ba, alƙawari ne.

Sai mun haɗu. Ku huta lafiya.